Shanyar Ƙetaren Gada

Makon jiya aka rushe gidan katako na ƙarshe a layinmu. Ina zaune ina tsince shinkafa na ji kukan ƙusa ana zare ta daga tsohon katako, sai na ture faranti na ɗauki sandata na fita. Samari ne da guduma, ba wanda na sani a cikinsu, suna aiki suna hira da Faransanci ko a jikinsu. Sun riga sun sauke kwanon rufi, saura barandar gaba kawai tana tsaye da bencinta. Na tambayi ɗayansu me za a gina, ya ce bene, ɗakunan haya. Na ce Allah ya sa albarka, don ba ni da abin cewa da ya wuce haka; mai gidan ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa, jikokinta kuma abinsu suka sayar. Amma da suka ɗaga bencin nan suka jefa shi kan tarkace, sai da na nemi bango na jingina. Jikata da ta biyo ni ta ce, wai benci ne fa kawai, Kaka. Yaran yanzu sun iya boko, sun iya danna waya, amma kafin su gane abin da benci yake nufi sai an ɗauko musu zancen tun daga tushe.

Da aka kawo ni Libreville ina amarya, abin da ya fara ba ni tsoro ba teku ba ne, ba kuma yaren mutane ba, ruwan sama ne. Ni da na tashi a Kano, inda hadari yake sallama tun daga nesa, ya ba ka lokaci ka kama kaji ka rufe hatsi, sai ga ni a garin da za ka shanya wanki rana ta ƙwalle, ka shiga ɗaki ɗauko buta, ka fito ka tarar sama ta tsage. Unguwarmu, Nzeng-Ayong, a lokacin rabinta daji ce. Gidajenmu na katako ne da rufin kwano, a jere a kan gangare, ayaba da mangwaro a tsakaninsu. Da asuba za ka ji kiran salla daga ɗan masallacinmu na langa-langa, ba lasifika, muryar mutum ce kawai, sai carar zakaru, sai ƙarar bokitai a famfon unguwa, sai can nesa gurnanin motocin gumagumai masu gangarawa tashar jiragen ruwa ta Owendo. Wanki shi ne aikin da ba ya ƙarewa. Idan kaya suka kwana a jiƙe sai su yi fumfuna su ɗauki wari, idan kuma sun bushe dole a bi su da dutsen guga na gawayi har ɗan kamfai, saboda wani ƙuda da yake yin ƙwai a jikin shanya, tsutsarsa ta shige fatar yaro. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane dalilin da mace take gadin shanyarta kamar jaririnta ba.

Saboda haka muna da wata al'ada a layinmu, ban san wanda ya kafa ta ba, zuwa na yi na tarar da ita. Duk wanda ya fara ganin hadari, mace ko namiji, zai bi igiyoyin layin gaba ɗaya ya kwashe shanyar kowa, ba ruwansa da ta wane ce, ya rungumo ya ruga ya zube a kan bencin barandar Mama. Mama tsohuwa ce 'yar ƙasa, Kirista, mai sayar da rogon nan da ake naɗewa a ganye, kuma barandarta ce kaɗai ba ta yoyo. Idan ruwa ya tsagaita sai mu taru a kan tulin kaya kowa yana zaƙulo nasa, zanen Bahaushiya a kan siket ɗin 'yar Kamaru, rigar salla a naɗe da rigar coci, ana dariya ana tsiya. A nan ake sanin wadda mijinta ya yi wa sabuwar atamfa da wanda wandonsa ya sha faci. Ban taɓa jin an ce ko hankici ya ɓata ba.

Haka tsaronmu yake a komai. Ba mu da maigadi, ba mu da katanga, 'yan sanda kuwa mazanmu sun fi tsoronsu a kan ɓarayi, don da yawa takardunsu na zama ba su cika ba. Ranar Juma'a maigidana ba ya kulle butik ɗinsa, wato shagonsa, sai ya gitta sanda a bakin ƙofa ya tafi masallaci, Mama ta ja kujera ta zauna inda take hangowa. Ranar Lahadi su tafi coci, mu kuma mu zuba wa gidajensu ido, har mu sauke musu tukunya idan mun ji ƙauri. Akwai wani dattijo mahauci, mutumin Damagaram, da kowa yake kira Baba. Idan baƙuwar fuska ta shigo layi zai ajiye wuƙa ya tare mutum da fara'a, ya tambaye shi wa yake nema, sannan ya raka shi har ƙofar gidan. Mai gaskiya ya ji daɗin rakiya, mara gaskiya ya rasa sunan da zai ambata ya juya. Idan aka yi masa maganar sayen babban kwaɗo yakan yi dariya, ya ce shi dai har ya tsufa bai ga kwaɗon da ya taɓa tambayar mutum wa yake nema ba.

Sai dai duk wannan zumunci a bakin gada ya tsaya. A ƙasan gangarenmu akwai wata kwata mai faɗi da 'yar gadar katako a kanta, ƙetarenta kuma wani layi ne, gidaje irin namu, wanki irin namu. Muna jin kukan 'ya'yansu, muna shaƙar hayaƙin kifinsu, amma ba ma shiga harkarsu. Mu muna cewa mashaya ne masu faɗa, su kuma, daga baya na ji, suna cewa mu baƙi ne masu ɓoye-ɓoye, kullum sai an ga sabuwar fuska a cikinmu. A wannan shekarar sata ta dame su, tukwane, takalma, har shanya a kan igiya da rana tsaka. Mu ba mu ma sani ba, don ba wanda ya taɓa tsallakawa ya tambaya.

A cikin daminar shekarar ƙanena ya zo, autan Innarmu. Ya biyo jirgin ruwa kamar yadda kowa yake zuwa a lokacin, ya iso a rame, leɓɓansa a tsage, amma yana dariya. Dogo ne mai manyan ƙafafu, ga rawar kai, idan ba ka ba shi aiki ba shi zai nemo wa kansa. Ya zo da kaset daga Inna, don a lokacin da kaset ake gaisawa, a ɗauki murya a ba matafiyi. Bayan ta gaida kowa da kowa, har da jaririyata da ba ta taɓa gani ba, sai ta ce da ni ga Auta nan, amana ce, in sa masa ido, don shi bai san mugunta ba, gani yake duk duniya tsakar gidanmu ce. Na yi dariya a lokacin, na ce Inna da shagwaɓa ɗa, mutum ya isa aure ana cewa a sa masa ido.

Kafin wata ya zagayo ya saye kowa a layin. Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, ita ma a karkace, amma shi da Mama sai su zauna su yi ta hira, ita da yarenta shi da Hausarsa, kowa yana gyaɗa kai. Ita ta koya masa cin atanga, wani ɗan itace mai tsami da ake gasawa. Ranar farko tofarwa ya yi, daga baya sai da na riƙa ɓoye nawa. Abin da ya fi burge shi a garin nan kaf shi ne kwashe shanya. Ya mai da shi sana'a. Da iska ta kaɗa ganyen ayaba za ka ga ya zabura, ya riga kowa, ya dawo da kaya har sun rufe masa fuska, ya zube a benci ya tsaya a kai yana cewa kowace mace ta zo ta fanshi zanenta da ƙosai. "Yaya," ya ce da ni wata rana, "in na koma gida sai na kafa wannan a unguwarmu. Mutanen nan sun fi mu iya zama." Na ce ya bari ya ga bayan garin tukuna kafin ya yaba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, maza duk suna kasuwa. Maigidana ya aike shi ya kai wa wani abokin ciniki buhun shinkafa can gaba da layin ƙetare, ya ɗora a ka ya tafi yana waƙa. Ni ina ɗaki ina guga. Na ga wuri ya yi duhu, na leƙa na ga maƙwabciyata 'yar Kamaru ta riga ta kwashe na layinmu, sai na koma kan aikina. Sai ruwa ya ɓarke. Wanda ya san ruwan garin nan a kan kwano ya san ko mutum yana gefenka yana magana sai dai ka ga bakinsa yana motsi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Tsakanina da shi bai kai nisan da muryar mai talla take kaiwa ba, ina ninke rigarsa da na gama gogewa, kuma ban ji komai ba.

Sauran daga bakin waɗanda suka gani na ji. A hanyarsa ta dawowa, a layin ƙetare, ya ga igiya cike da wanki, fararen kayan makarantar yara da zannuwa, ba kowa a waje, ga hadari ya taso. Ya yi abin da muka koya masa. Ya kwashe su tas ya rungume, kuma da yake wuri ɗaya ya sani da ake kai shanya, sai ya juya wa gidan baya ya ruga wajen gada, wajen barandar Mama. A daidai lokacin mai kayan ta ɓullo daga famfo da bokiti a ka. Ta ga baƙon da ba ta taɓa gani ba yana gudu da kayan 'ya'yanta, ita da ba a daɗe da yi mata sata ba. Ta yar da bokitin ta kurma ihun ɓarawo. A garin nan idan aka yi wannan ihun ba a tsayawa tambaya. Samari suka fito daga mashaya da bayan gidaje, da katako da duwatsu da duk abin da hannu ya samu. An ce tsayawa ya yi, yana nuna sama yana nuna barandar, yana magana da Hausa, kuma bai saki kayan ba don kada su faɗa cikin laka. Da ya yar da su ya ruga, wataƙila da ya tsallake gadar.

Mama ce ta hango daga barandarta. Tsohuwar da take cinye rabin hantsi kafin ta je famfo ta dawo, ranar ba takalmi ta gangara cikin ruwa, ta tsallake gada, ta kutsa cikinsu, ta faɗa a kansa ta rufe shi da jikinta tana ihu da yarenta cewa ɗanta ne, ɗanta ne. Sai da sanda ta same ta a kafaɗa sannan suka ja da baya. Suka dube ta, suka dube shi, sai kowa ya fara sulalewa. Lokacin da 'yar Kamaru ta bugo ƙofata, har an ɗora shi a kan wani ƙyaure an hau da shi bakin titi ana neman taksi. Na riƙe kansa a cinyata har asibiti. Da ya buɗe ido ya ce, "Yaya, ki gaya musu ba ɗauka na yi ba." Na ce sun sani, Auta, kowa ya sani. Bai kai la'asar ɗin washegari ba.

Aka binne shi a ƙasar da ba tasa ba. 'Yan sanda suka zo suka zagaya suka tafi. Taron jama'a ne, ba wanda ya ga kowa. Samarinmu suka fara wasa adduna a bayan masallaci, suna cewa sai sun ƙone layin ƙetare, ni kuwa a kwanakin nan ba ni da bakin da zan hana su. Baba ne ya ɗauki tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin gada, ya zauna da carbinsa, ya ce duk mai son tsallakawa da ƙarfe sai ya fara takawa ta kansa. Ya yi kwanaki a wurin, a nan yake salla, a nan ake kai masa abinci, har zuciyar yara ta sauka.

Sai kaset ɗin Inna ya iso, amsar saƙon rasuwa. A barandar Mama aka kunna, don ta ce tana so ta ji muryar uwar. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta yi masa addu'a, ta ce kada in sa wa raina damuwa, kwana ne ya ƙare. Har mun zaci an gama, sai muryarta ta dawo a hankali: "Abu ɗaya nake so a gaya mini. Duk mutanen da suka taru a kansa, ashe ba ko ɗaya da ya san fuskarsa?" Mama ta taɓa maigidana ta ce ya fassara mata. Da ya fassara, ta daɗe tana kallon bencin nan. Sannan ta gyara ɗaurin zane da hannunta mai lafiya, ta ce da Baba ya tashi su tsallaka.

Daga nan aka fara abin da muka riƙa kira zagaye. Mu aka fara kaiwa ƙetare, su kuma aka kawo su wurinmu. Bayan haka duk wanda ya sauka a layin biyu, baƙon kwana ne, ɗan haya ne, amarya ce, kowane yare kowane addini, ba zai kwance kayansa ba sai Mama da Baba sun riƙe hannunsa sun bi da shi gida-gida. A kowace ƙofa sai mutanen gidan sun fito, har yara, sun kalle shi da kyau, an faɗi sunansa sun maimaita, an ce baƙon wane ne, sannan a ba shi ruwa ya kurɓa. Kafin mutum ya gama cikinsa ya cika kamar randa, muna yi masa dariya. Aka kuma yi alkawari a gaban limaminmu da malamin cocinsu cewa ba wanda zai ƙara ihun ɓarawo a kan mutum sai an tare shi an tambaye shi na wane ne. Ba zan ce sata ta ƙare ba, ƙarya ba kyau. Amma ta yi sauƙi ƙwarai, don ɓarawo ya rasa inda zai tsaya ba a tambaye shi ba. Mai kwasar tukwanen ma da aka kama daga baya, ashe ɗan wani gida ne a can ƙetaren, kuma da ransa aka miƙa shi ga iyayensa da mai unguwa. Shanya ta zama ta layi biyu, har bencin Mama ya riƙa yi mana kaɗan.

Matar da ta yi ihun ba ta taɓa ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban taɓa ce mata na yafe ba. A zagayen farko, da aka zo ƙofarta, ta fito da kofin ruwa ta miƙo mini. Na daɗe ina kallon kofin. Baba yana kallon ƙasa. Na karɓa na kai bakina, ban san ko na haɗiye ba. Bayan Mama ta rasu, Baba kuma ya koma Damagaram ya cika a can, matar nan ce ta ɗauki zagayen, ba wanda ya sa ta. Shekara da shekaru tana jan baƙi gida-gida da ƙafarta mai ciwo. Ba mu zama ƙawaye ba, gaisuwarmu ba ta wuce ta safe ba. Amma shekarar da zan tafi Makka, da na tsaya tunanin wa zan bar wa mabuɗin ɗakina, ita na kai wa, don na san a duk Libreville ba mai tsoron hakkin wani kamarta. Ita ma yanzu tana ƙasa.

Ban san ranar da zagaye ya mutu ba, ba a yi masa jana'iza ba. Katako ya zama bulo, bulo ya zama bene, kowa ya ja katanga ya dasa mata fasassun kwalabe. An rufe kwatar da siminti, gadar ta tafi, yanzu mota ce take bi ta inda Auta ya faɗi. 'Yan haya suna shiga suna fita kamar a tasha. Mutumin da katangarsa ta haɗu da tawa na san launin motarsa da haushin karensa, ban san sunansa ba. Maigidana ya rasu, 'ya'yana suna can unguwar Louis suna aikin ofis, suna zuwa ranar hutu da burodi da Faransanci, suna ce mini in ƙara kwaɗo. Na ƙara. Kwaɗunan ƙofata yanzu sun fi haƙoran bakina yawa, amma barcina bai ƙaru ba. Tsaron unguwa ya koma cikin waya, wai suna da ƙungiya, kowa yana bayan labulensa yana ɗaukar hoton wanda bai yarda da shi ba yana turawa. Ban ce ba ta da amfani ba. Abin da na lura dai, suna ganin fuska amma ba sa tambayar suna.

Shekaranjiya jikata ta zo ta tura mini waya a gaban ido. Hoton wani saurayi ne a tsugune a gindin katangar benen da yake kan kwana, ya rungume jakar leda. Ta ce an kwana biyu ana ganinsa a wurin, ba wanda ya san shi, wasu samari har sun rubuta cewa idan suka sake ganinsa za su koya masa hankali. Bai yi kama da Auta ba ko kaɗan, wannan gajere ne baƙi. Amma gabana ya faɗi irin faɗuwar da ya yi ranar da 'yar Kamaru ta bugo ƙofa. Na ce ta miƙo mini mayafi da sanda. Ta ce ina za ni, ban san ko ɗan fashi ne ba. Na ce shi ya sa zan je in tambaya.

Na same shi a wurin. Na yi masa sallama da Hausa don gwaji, sai ya zabura ya durƙusa, fuskarsa ta cika da murna. Mutumin Maraɗi ne, bai daɗe da sauka ba. Kawunsa yana dako a tashar jiragen ruwan Owendo, yana fita tun da duhu ya kulle ɗaki, mabuɗi kuma ɗaya ne. Shi bai san ko'ina ba, yana tsoron ya yi nisa ya ɓace ko a tambaye shi takarda, sai ya yini a gindin katanga yana jira.

"Inna, wani laihi na yi?" ya ce.

Na ce, "Ba ka yi ba. Tashi, ba ni hannunka."

Na ja shi gida-gida, jikata tana biye da mu tana jin kunya tana fassara. Na buga ƙofofin ƙarfe da sandata har hannuna ya yi tsami. A wasu gidajen karnuka ne kawai suka amsa. Wasu suka leƙo ta 'yar kafa suka ce ba sa sayen komai. Wata ta tambaya ko sadaka muke nema, ni da na riga kakarta zama a layin nan. Ina faɗin sunansa, ina cewa baƙona ne, a kalle shi da kyau. Gida ɗaya aka buɗe mana sosai. Wani mutum ne mai furfura a gemu, ya tsaya yana dubana, sannan ya koma ciki ya fito da kofin ruwa ba tare da na roƙa ba. Ɗan matar da ta yi ihun ne, ɗaya daga cikin yaran da kayan makarantarsu suka faɗa a laka ranar. Ya maimaita sunan saurayin, ya ce zai rubuta a wayar tasu cewa an san shi. Na yi masa godiya, na kasa kallon idonsa, shi ma ya kasa kallon nawa.

Muna kan hanyar komawa iska ta taso, irin mai sanyin nan daga wajen teku, sama ta yi baƙi. Muka fake a ƙarƙashin rumfar wani butik da aka rufe. A tsallaken hanya, gaban wani bene da aka ƙi buɗe mana, wata ta ja igiya daga turken lantarki zuwa katanga ta shanya kayan jarirai da zannuwa, ba kowa a waje. Na ga yaron ya dubi sama, ya dubi shanyar, ya ajiye ledarsa. Ɗan kirki ne, uwarsa ta yi tarbiyya.

"Inna, bari in kwashe ma mutanen nan kayansu, ruwa za ya taɓa su."

Ban san sanda na cafke wuyan hannunsa ba. Ni da na yi rabin rayuwata ina kwashe shanyar mutane, ni da na gama buga ƙofofi don a dawo da abin da ya wuce, na ji bakina yana cewa, "Bar su. Ba su san ka ba tukuna."

Ya ce ai kusa ne, yanzu zai dawo. Na ce ya bar su su jiƙe. Ruwa ya sauko a kan kwanon rumfar har ba ma jin juna, na kasa kunne a ƙarƙashin ƙarar kamar yadda nake yi duk damina, ko zan ji abin da ban ji ba ranar. Muna tsaye muna kallo 'yan rigunan jariran suka jiƙe sharkaf, suka yi nauyi, igiyar ta sunkuyo har zanen ƙarshe ya taɓa laka. Na ga bakinsa yana motsi, ina jin cewa yake na matse shi da yawa. Ban sake shi ba sai da ruwan ya ɗauke.